Shiru Daga Bawku Har Garu

Bawku, daren Laraba

A rubuta wa 'yan baya cewa yau ni, wanda ko taron suna ba ya watsewa sai na yi jawabi, na kama bakina daga Bawku har Garu.

Mako uku ke nan da 'yata Rahinatu ta ce ba za ta koma makarantar kwana ba. Na yi mata lacca huɗu, kowacce da gabatarwa da kammalawa, ko kai ba ta ɗaga ba. Jiya na ajiye girmana na je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara. Ta ce, "Alhaji, daina zaunar da ita gabanka kamar a kotu. Ku fita tare, kada ka tambaye ta komai." Na ɗauki wannan cin fuska ne ga ilimi, amma na bi.

Yau na goya ta a babur zuwa garin Garu, wai ta yi mini rakiya. Mun wuce gonakin albasa sai na ji muryarta a bayana: "Baba, 'yan ɗakinmu sun daina yi mini magana. Ni kaɗai nake cin abinci." Jawabai uku suka taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye su, na ce, "Ina jin ki, uwata."

Za ta koma, in sha Allahu. Ta yarda ta ga malamar ranar Litinin, da sharaɗin in raka ta amma in tsaya a waje. Na nemi bakin taga, ta ce bakin titi. Mun daidaita a gindin mangwaro.