Ba Za a Goge Fim ɗin Inna Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu dai nan alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar Inna ya lafa, sai dai mantuwa da ke ƙara yi mata yawa, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu.

Kawu ya isar mini da saƙonka, cewa in cire 'yata Auta daga makarantar koyon fim da talabijin, kuma a goge fim ɗin da ta ɗauki Inna, wai abin kunya ne a haska tsohuwa duniya ta gani. Yaya, girmanka na nan, amma wallahi ba zan yi ko ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma gara in faɗa maka da in riƙe.

Kana can kana ce mata makarantar 'yan wasa. To, gani ya kori ji, ni na je da ƙafata. Gwamnati ce ta kafa ta tun ba a haife mu ba, a matsayin ɗan ofishin shirya finafinan koyar da noma da rigakafi, irin waɗanda ake haskawa da majigi a jikin bango. Ko ka manta wanda yake ɗora ni a wuya don in hango? Da talabijin ta zo sai aka mai da ofishin makaranta. Yanzu akwai masu koyon rubuta labari, da masu riƙon kyamara, da masu saita fitilu, da masu tace fim a wani ɗaki mai sanyi kamar firji. Auta sauti ta zaɓa. Tana yini ɗage da doguwar sanda mai makirfo a ka har kafaɗunta su sage, ta dawo ba ta iya ɗaga cokali. In wannan wasa ne, zo ka gwada.

Aikin shekarar ƙarshe shi ne kowa ya yi gajeren fim a kan wani nasa, ba a ba da shaidar kammalawa sai da shi. Auta ta zo da abokan karatunta, suka kashe fanka, suka cire agogon bango saboda ƙararsa, Inna kuwa ta zauna a bakin gado tana ta ba da labarin ƙuruciya tana dariya. Da aka gama, Auta ta roƙi kowa ya yi tsit na ɗan lokaci. Ashe ƙa'idar aikinsu ce, sai sun naɗi shirun ɗakin kansa, da shi suke cike gurbi in sun zo tacewa. Inna ta ɗauka an kashe na'ura. Cikin wannan shiru ta juyo ta tambaye ni a hankali ko Dogo zai ga wannan abin, ta ce in zai gani a bari ta gyara ɗankwalinta, kada ya ce ta tsufa. Matar da ke manta sunana, Yaya, ba ta manta naka ba.

Makarantar ba ta yarda a haska mutum sai ya gani ya amince. Muka nuna wa Inna fim ɗin ranar da hankalinta yake garau. Auta ta so ta yanke wurin da ta ambace ka, Inna ta hana, ta ce nan ne ma kawai ta yi magana mai amfani. To, wa zai goge? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake yi wa Inna wanka, Auta ke yanke mata farce, ba za mu tozarta ta ba. Auta za ta miƙa fim ɗinta, za ta kuma gama karatunta in Allah Ya yarda.

Idan har yanzu kana kan bakanka, hanya ɗaya ce, zumunci a ƙafa yake. Ka zo ka zauna a bakin gadon nan ka faɗa wa Inna da kanka. Ta riga ta gyara ɗankwalin.

Ka gaishe mini da Anti da yara, musamman 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, Auta ma ta ce a gaishe ka, ko da kana fushi da ita.

Taka ƙanwa mai taurin kai,
Maman Auta