Kada Ki Bari a Sake Rina Shi

Laraba, 9 ga Afrilu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi ga wanda ya sha tafiya, uwar 'ya'yana, wadda ta iya zama da ni alhali ni kaina ban iya zama da kaina ba.

Kin ga kwanan watan da na rubuta a sama? Ke na san kin manta shi, domin ba kya ajiye ɓacin rai, shi ya sa fuskarki ba ta tattare irin tawa ba. Ni ban manta ba. A rana mai kamar ta yau, shekara ashirin da ɗoriya, kika shigo gida da wani ɗan kwali a jakarki, kwalin rinin gashi, da hoton wata mata a jikinsa tana dariya, gashinta baƙi wuluk, kamar ba ta taɓa jin labarin tsufa ba. Tun ranar nake gaba da kwalin nan. Na yi gaba da mutane da yawa, kin sani, wasu har sun mutu ban sauko ba, amma babu wanda na riƙe a zuciya kamar wannan kwali da matar da ke jikinsa.

Ki tuna yadda muke a lokacin. Ba a daɗe da sallamata daga ofishin awon filaye ba. Ni da malamaina suke nuna wa 'yan baya takarduna, ni da nake duban tudu in faɗi tsayinsa kafin a kafa na'ura, aka ce ana son sabon jini. Laifina kawai kaina ya yi fari da wuri. Wanda na koya wa riƙe ma'auni ya hau kujerata, ni kuma aka ba ni agogon bango, wanda ko shekara bai yi ba ya tsaya. Ke kina shagon tabarau, gidan gaba ɗaya a wuyanki yake. Sai mai shagon, wanda shi sanƙo ya riga ya gama da kansa, ya hango silin fari a goshinki inda ɗankwali ya zame, ya ce masu saye ba sa son a tuna musu da tsufa. Mutum ya zo sayen tabarau don idonsa ya tsufa, wai kada a tuna masa da tsufa! Kika tsige silin a gaban madubin shago, kika biya kasuwa, kika dawo kika ce mini in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Me zan ce? Gemun da ya kama wutar nawa ne.

Amma ba ki san abin da aka ƙwace mini ranar ba, ko kin sani kin yi shiru. Kin tuna tashar mota, muna sabon aure, ruwan sama ya tsare mu a kan benci? Ga wata tsohuwa a gefenmu tana ɓare wa mijinta lemo, tana cire masa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana yi masa faɗa, mayafinta ya zame, kanta fari fat kamar kumfar madara. Na kasa ɗauke ido. Kika zungure ni kika ce in daina kallon matar mutane. Na ce ba ita nake kallo ba, ke nake hangowa. Na roƙe ki alkawari ɗaya: duk ranar da furfurarki ta farko ta fito, ni zan fara ganinta, kuma ba za ki tsige ta ba sai na gani. Kika yi dariya har lemon tsohon ya faɗi, kika ce in dai furfura ce in wuce gaba, za ki biyo ni a hankali. Na wuce gaban kuwa. Na juya ina jiranki, sai ga wani mai sanƙo ya riga ni gani.

Kuma da hannun wa aka yi ta binne ta tun daga nan? Da nawa. Ba kya ganin ƙeyarki, kuma ba mu da halin zuwa shagon gyaran gashi, sai aikin ya dawo kaina. Duk ƙarshen wata ki zauna a kan 'yar kujera a baranda, tsohon tawul ɗin nan mai tabo a kafaɗarki. In shafa miki basilin a goshi da bayan kunne, in zura safar leda, in dama baƙin a murfin gwangwani da tsohon buroshin haƙori, warinsa yana sa mu hawaye mu duka. In tsaga kanki fuloti-fuloti, kamar yadda aka koya mini a makaranta, in bi kowace tsaga tun daga goshi har ƙeya. Wallahi babu filin da na taɓa aunawa da kulawa irin kanki. Sau ɗaya kawai na yi kuskure na baƙanta miki kunne, kika yi mako kina gwada wa mutane tabarau da kunne ɗaya kamar gindin tukunya, kuma har yau in na ɗaga murya sai ki ce, “Sarkin Tsaki, a hankali, kunne ne, ba iyakar gona ba.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗa miki duka. Na tsani aikin nan, kuma da shi na rayu. A shekarun da babu mai ƙwanƙwasa ƙofata, babu mai neman shawarata ko kan faɗin kwata, akwai safiya ɗaya a wata da ake bukatar hannuna. Kanki yana tsakanin tafukana, kina ba ni labarin masu saye, ina tsaki, kina dariya. A kowace tsaga sai in ga farin ya leƙo daga tushe, siriri kamar jinjirin wata, yana gaishe ni, ni kuma in ɗora masa buroshi. Wane irin manomi ne wannan, da zai jira tsiro shekara da shekaru, in ya fito ya mayar masa da ƙasa?

Sai bara. Kin riga kin bar shagon, amma sabo ya sa muka ci gaba, ba wanda ya tambayi wani dalili. Na dama, na zura safa, kika ɗaga ɗan madubinki kika daɗe kina dubawa. Sannan kika ce in zubar, kin gaji da ɓoye wa madubi abin da gwiwoyinki suka riga suka faɗa wa kowa a kan matakalar bene. Na tsaya da buroshi a hannu kamar wanda aka sallama karo na biyu. Na zubar a kwata, na ga baƙin yana tafiya, ban san ko in yi murna ko in yi makoki ba, sai na yi tsaki, don shi na iya. Daga baya na ji ashe ba ke kaɗai ba ce, kun ƙulla da telar ƙasan benenmu da tsohuwar shugabar makarantar nan mai sanda, har kuna kiran kanku Ƙungiyar Auduga. Mata uku kuna hawa bene kuna haki kuna dariya, kowacce tana leƙa goshin 'yar'uwarta ta ga inda amfanin gona ya kai!

Ya farin cikin tsufana, kin san abin da nake gani tun daga lokacin? Da safe, idan kin fito baranda ba ɗankwali kina ba shukokinki ruwa, rana takan faɗo a kanki kafin ta faɗo a ko'ina. Farin ya taso daga goshinki kamar auduga ta fashe a gona bayan an fid da rai da ita. Kamar balbela ta sauka a bakin rafi. Kamar hazon asuba a kan ruwa kafin iska ta motsa. Ina zaune da kofin shayi yana hucewa a hannuna, ina riya cewa jarida nake karantawa, alhali ko kanun labari ban gani ba. Wace azurfa ce maƙeri ya taɓa narkawa ta kai wannan? Wane wata ne ya taɓa kwana a matashin da ke kusa da nawa? Duniya ta cuce ni, ban fasa faɗa ba, kuma ba zan fasa ba. Amma mutumin da ke shan shayi yana kallon wannan kowace safiya, da wane baki zai ce an bar shi hannu rabbana?

Yanzu ga dalilin wasiƙar. Tun da kika tafi gidan 'yarmu Auta taya ta jego gidan nan ya zama kamar ofishi ranar hutu. Na ba shukokin ruwa, ɗaya ta mutu, ba laifina ba ne. Shekaranjiya kika kira ni a waya, kika ce dangin mijin Auta za su zo ranar Lahadi da mai ɗaukar hoto, kuma Auta ta sayo kwali ta ajiye miki a kan gado, tana cewa, “Mama, don Allah, hoto ne fa, har jikokin jikoki za su gani.” Kika ce ƙanwarki, Gidan Rediyo, ta zo barka ta dube ki ta ce kin koma hankaka, gaba fari baya baƙi, ko bangon da mai fenti ya gudu ya bari rabi. Kin yi dariya kina faɗa mini, amma na ji dariyar ba ta kai ciki ba. Sannan kika tambaye ni, a hankali, ni me na gani. Ni kuma, da duk karatuna, na ce kanki ne, ki yi yadda kika ga dama. Kika ce to, jariri ya tashi. Bakina bai taɓa iya abin kirki a waya ba. Shi ya sa na ɗauki biro, kuma mijin Auta zai kawo miki wannan gobe idan ya biyo karɓar gadon jariri.

Ga abin da na gani. Kada ki bari a sake rina shi. Gaskiya ne yanzu yana tsakiyar hanya, fari ya kai faɗin tafin hannu, ƙarshen kuma baƙi ne mai komawa ja. To sai me? Alfijir ma haka yake fitowa, gaba fari baya duhu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce a mayar da shi ba. Ki gaya wa Gidan Rediyo hankaka da farin ƙirjinsa ake gane shi a cikin tsuntsaye, ita kuma ta je ta duba tushen nata, na gan shi ranar da ta sunkuya ɗaure takalmi. Auta yarinya ce, tana tsoron a ga tsufanki don tana tsoron ranar da za ta rasa ki. Ki rungume ta, kada ki yi mata faɗa, amma ki mayar mata da kwalinta. Idan jikokin jikoki za su ga hoton, ai gara su ga kakarsu, ba matar jikin kwali ba.

In kuma ke da kanki, ba don Auta ba, ba don baƙi ba, kika ji kina son baƙin, to kanki ne da gaske, wannan karon ba da tsaki na faɗa ba. Sai dai ki aiko a kira ni. Auta ba ta iya tsaga ba, za ta baƙanta miki kunnuwa duka biyu. Zan zo da buroshina in yi miki da kyau, ina kuka a ciki. Amma ina roƙonki, ya hasken ɗakina, kada ki sa ni.

Ni ma ga nawa alkawarin. Na sayi mataji mai manyan haƙora da kwalbar man gashi. Kujerar tana nan a baranda, na gyara ƙafarta da ke rawa. Duk ƙarshen wata za ki zauna, in tsaga fuloti-fuloti kamar da, in shafa mai, in taje, ba abin da za a binne. Ranar Lahadi zan zo, zan sa rigar da kike so, zan tsaya kusa da ke a hoton, ni da na ce ba mai sake ɗaukata tun hoton sallamar ofis. Kai biyu farare a jere, jariri a tsakiya. Har murmushi zan gwada, in fuskar ta yarda. Tsakin kuwa zan rage rabi. Duka ba zai yiwu ba, hali zanen dutse ne.

Ina nan inda kika bar ni. Naki ne ni da baƙin gashi, naki ne da fari, naki ne ranar da babu ko ɗaya, har a ɗauki ɗayanmu a bar ɗaya da kujerar.

Mijinki,
Sarkin Tsaki

Abu ɗaya kawai. Da na taje miki kafin ki tafi, na duba tushen tun daga goshi har ƙeya, babu baƙi ko sili ɗaya. Ashe a ƙarƙashin rinin kin riga kin gama furfura. Akwai shekarun da kanki ya yi baƙi da fari a cakuɗe, kamar zanen zabuwa, shekarun da kika ce za ki biyo ni a hankali. Sun zo sun wuce a ƙarƙashin buroshina. Ban gan su ba.