Lauyan Ranar Alhamis

Litinin, 5 ga Mayu
Yau na faɗa masa. Yana sunkuye a kan wata tsohuwar rediyo da ya farke, na tsaya a kansa na ce, "Malam, na gaji, lauya zan nema a raba auren nan." Shekara goma sha tara muna tare, yana sauraron duniya duka daga safe har yamma, ni kaɗai ce tashar da ba ya kamawa.

Ni mai sayar da atamfa ce, na san yadda ake ciniki. A ajiye kaya, a juya baya, a yi taku uku a hankali, mai kaya zai ce dawo. Na yi uku. Na yi biyar. Sai da na kai bakin ƙofa ya ɗago ya ce, "Ai babu lauya a garin nan. Sai garin gaba."

Laraba, 7 ga Mayu
Na yi tambaya a kasuwa, na ce wata ƙawata ce take nema. Mai takalma ta ce, "Ita ma ƙawar taki mijinta gyaran rediyo yake yi?" Munafuka. Amma na samu labari: lauya ɗaya ne a duk yankin, ranar Alhamis kawai yake zuwa garin gaban, kuma ran nan mota ba ta zuwa can.

Alhamis, 8 ga Mayu
Shi ya kai ni a babur ɗinsa. Har ya shimfiɗa mini tsumma a kujera don kada zanena ya ɓaci. Wace mace ce mijinta ya taɓa ɗauka zuwa neman saki?

Ofishin ɗan ɗaki ne a bayan shagon maganin dabbobi, ga warin maganin kaska. A layi manoma ne masu rigimar iyakar gona, da wani da shanu suka cinye masa dawa. Malam ya zauna a cikinsu da hular kwano a cinya, suna ta yi masa sannu da zuwa.

Lauyan dattijo ne mai tabarau a ƙarshen hanci. "Hajiya, yana dukanki?" A'a. "Yana barinki da yunwa?" A'a. "Yana bin mata?" Na ce wannan ko hanya bai iya bi ba sai an nuna masa. Ya cire tabarau ya ce, "To me ya yi?" Na ce ba ya yin komai, matsalar ke nan.

Ni ma na yi nawa tambayoyin. Wata nawa ake ɗauka? Ya danganta. Sai na bar gidan kafin a gama? Ya danganta. Yaran fa? Ya danganta. Da haka nake amsa wa masu sayen atamfa da tuni na rufe shago. Ya ce mu rubuto abin da kowa ya mallaka.

Asabar, 10 ga Mayu
Yaya ta zo shago, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai, "Ke, ciniki kike yi da mutumin da ko barkono bai taɓa tayawa ba? Abin da aka faɗa masa shi yake ɗauka." Na ce zai kira ni. Kowa yana kira.

Talata, 13 ga Mayu
Mun zauna rubuta kaya. Na fara daga sama, kamar kullum, don a samu wurin saukowa. Firiji nawa. "Rubuta." Akuyoyi nawa. "Rubuta." Gado, keken ɗinki, har teburin aikinsa. "Rubuta." Na ce da babur. Ya yi ɗan tunani ya ce, "Ba ki iya tuƙi ba, amma rubuta, zan riƙa kai ki."

Na rasa abin da zan ƙwace, sai na ce yaran biyu ma nawa ne. Ya daɗe yana kallon biro ɗin da ke hannuna. Ya ce, "Wannan kar ki sa su a takardar da kika sa akuya." Ya tashi ya fita.

Ban rubuta ba.

Alhamis, 15 ga Mayu
Lauya ya karanta takardar, ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Shi da me zai fita, da wandonsa?" Ya ba ni fom. Mako mai zuwa in kawo shi da hoton fasfo guda biyu, sai a kai kotu. Ya ce daga nan magana ta bar hannuna.

Lahadi, 18 ga Mayu
Yau bai kunna rediyo ba. Ƙaramar 'yarmu ta tambaye ni ko Baba ba shi da lafiya.

Laraba, 21 ga Mayu
Na ɗauki hoton. Gobe ne. Har yanzu bai kira ba.

Alhamis, 22 ga Mayu
Mun je. Muna layi, saura mutum ɗaya a gabanmu, na fito da hotunan na duba. Mai hoton nan azzalumi ne. Ya kumbura mini kumatu, ya karkatar da ɗankwali, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Wannan za a manna a takardar kotu, ma'aikata su riƙa miƙa wa juna shekara da shekaru? Ni da mata suke zuwa shagona don su ga yadda na ɗaura?

Na ce, "Malam, tashi mu tafi, ba zan bayar da wannan hoton ba." Ban taɓa ganin ya tayar da babur da bugu ɗaya ba sai yau. A hanya ya riƙa kauce wa ramuka kamar ƙwai ya ɗauko.

Juma'a, 23 ga Mayu
Hoton ne kawai, ba wani abu ba. Haka na faɗa wa Yaya, haka zan faɗa wa mai takalma.

Da safe ya zo ya tsaya a kaina ina shara, yana ta murza hula. Wai tunda ba za a yi aiki da hotunan ba, in ba shi ɗaya. Na ce ba na kyauta ba ne, sai ya faɗi abin da zai yi da shi. Ya yi magana kusan minti biyar, tsaye, har da gumi. Ba zan rubuta a nan ba, yara suna bincike.

Na ba shi ɗaya. Fom ɗin yana nan ƙarƙashin atamfofi, da sauran hoton. Biyu dai lauya ya ce a kawo, ni kuma ba ni da lokacin komawa wurin mai hoto.