Mutumin da Ke Tsaye a Bayan Gwamna Yana da Suna

Zuwa ga Shugaban Zauren Tarihi na al'ummarmu, Wustul Balad, Alƙahira.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Sunana Hajara, matar marigayi Malam Sabo na Hayyin Ashir. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Na ɗaya. Kun kyauta da kuka baje tarihin gwamnan lardin nan na hanyar alhazai, na farkon ƙarnin da ya wuce. Ya fara da aikin magatakarda, ya zama gwamna, aka tuɓe shi don ya ƙi tsare masu tafiya Makka a ƙasa, jama'a suka tsaya sai da aka mayar da shi. Rijiyoyinsa kowa na yabo. Amma a babban hotonsa, mutumin da ke bayansa kun rubuta masa "wani bara". Ba bara ba ne. Audu ne, kakan mijina, shugaban mahaƙan rijiyoyin nan.

Na biyu. Malam ya yi ta hawa matakalarku da ciwon zuciya don a gyara rubutun nan, littafin da ya rubuta tarihin kakansa a hammata. Kullum a zaunar da shi kan benci, a ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, babu takardar shaida. Ya rasu bai ga gyara ba.

Na uku. Da na fita takaba na shiga jirgin ƙasa na metro ni kaɗai, ban riƙe komai ba sai hoton fasfon Malam. Na kara shi jikin gilashin hoton gwamna, daidai fuskar Audu. Su biyun duk tsage uku a kuncin hagu, ɗaya gajere a ƙasan ido: askar gidansu ce, wanzamansu ba sa yi wa kowa irinta. Dattawanku suka duba, suka sake dubawa, babu wanda ya musa. Alhamdu lillahi, yau sunan Audu na nan a ƙarƙashin na gwamna. Na karanta shi da bakina har sau biyu.

Saura roƙona. Ku dawo mini da littafin Malam da kuka karɓa, rubutun hannunsa ne kawai ya rage mini. Ku kuma rubuta cewa shi ya gano maganar, ni cikawa na yi. Bencin nan ma a sauko da shi ƙasa saboda tsofaffi.

Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan gwamna, ya jiƙan Audu, ya jiƙan Malam. Gobe zan je maƙabarta in yi wa Malam addu'a, kuma wannan karon ba da kunya zan tsaya ba.

Wassalam.

Hajara, matar Malam Sabo