Faranti na Biyu

Ƙanwata Mounira,

Gaisuwa mai yawa daga Lyon. Ya ƙafar Inna? Ya shirin jarrabawa?

Sababbin ɗalibanmu na nan sukan ɗauka abincin teku, wato kifi da danginsa, ba ruwansa da alade. A gidan abincin 'yan Vietnam, ko ƙaguwa akan haɗa ta da alade, sai an tambaya. Jiya na tambaya, aka kawo mini gasasshen jatan lande. Ana naɗe shi da salati da na'ana'a, a ci da hannu kamar a gida.

Lafiyata lau. Teburin na mutum biyu ne, amma ma'aikacin ya saba: yana ganina yake ɗauke faranti ɗaya.

Allah ya ba ki sa'a. Ki ci jarrabawar ki zo ki gwada da kanki, in ce masa ya bar farantin.

Yayanki, Nouhou