Kwaɗo Ta Ciki

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Telan da ke kusa da shagon Baba ya aiko mini cewa ƙofar ɗakin Baba kullum a garƙame take, kuma kin kai shi an ɗauki hoton kansa. A bakin tela zan ji wannan? Me kike ɓoye mini?

Yayanki.

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da yake raina a ɓace yake. Telan naka bai gaya maka ta ciki kwaɗon yake ba? Baba ne ya kafa abinsa da hannunsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanka wa mutane makulli, ni zan kulle?

Likita ta nuna mini wani ɗan lanƙwasasshen abu can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wai hifokamfas. Ta ce bayansa ya fi riƙe hanyoyi da wurare, gabansa kuwa yana da hannu a tsoro da yanayin zuciya. Na Baba gaban ne ya taɓu. Shi ya sa bai manta haƙorin makulli ko ɗaya ba, amma in ya ji takuna sai ya garƙame ƙofa.

Ka huta lafiya.
Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa, bayanin likitarki ya yi daɗin ji. Amma Baba ya rubuto mini, rubutunsa garau, ya ce yana ganinki ta kafar ƙofa kina marmasa wani abu a shayinsa. Ƙarya yake yi? Ina nan tafe, zan ɗauke shi daga hannunki.

Yayanki.

Yaya,

Sannu da ƙoƙari. Bai yi ƙarya ba, maganinsa ne, a hannuna ba ya karɓa. Wallahi na gaji, Yaya, har kuka nake yi a bakin ƙofar nan. Ga makulli cikin ambulan, shi ya yanka, ya ce kai kaɗai ya yarda da kai. In ka zura hannu ta kafar ƙofa za ka kai ga kwaɗon. Ni da nake wanke masa kaya ban samu ba. Zan koma ɗakina wajen yarana, maganin yana kan firji.

Allah ya kawo ka lafiya.
Auta.

Autata,

Ina gaishe ki. Na iso, makullin bai buɗe ba. Baba yana jin muryata ya canza kwaɗon, yanzu cewa yake ke ya yarda da ke. Ki yafe mini. A wane kofi yake shan shayin?

Yayanki.