Na Karanta Takardar Da Aka Ba Ni Ajiya Don Ban Iya Karatu Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da sauran masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙon duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin babu zagin da zai yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Abin ya samo asali ne shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ya dawo gida hannu rabbana. Ni mai gyaran takalmi ne a wajen Ƙofar Ran, nan Bauchi, shekaruna hamsin da biyu, kuma har zuwa wannan shekarar ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai ciniki ya koma na waya. Mutum zai karɓi takalminsa ya ce, "Baba, na tura maka," ya nuna mini fuskar waya, ni kuma in gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wasu sun tura, wasu Allah ne ya sani. Takaicin wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Amma ban shiga na kusa da mu ba, can Yelwa na tafi inda ba a san ni ba, sau uku a mako bayan La'asar. In an tambaye ni sai in ce na je sayen fata da gam. Kunya nake ji a ga furfurar gemuna a kan littafin 'yan aji ɗaya.

Ban da gyaran takalmi, ni ne mai kula da kayan kulob ɗin ƙwallon unguwarmu sama da shekara ashirin. Ni nake ɗinke ƙwallo in ta fashe, ni nake kai riguna wanki, kuma da yake da ni aka kafa kulob ɗin, ina da kujera a kwamiti. Wani Alhaji mai shagunan kayan gini ne yake ɗauke da nauyinmu. Muna da gola, zan kira shi Katanga. Wanda bai ga Katanga a ƙuruciyarsa ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Kofi biyu ya ciyo mana da hannunsa, na biyun ma fenariti uku ya kaɗe a jere. Da wani kulob na wata jiha ya zo zawarcinsa, Alhaji ya rantse ba za a ɗauke shi ba, ya yanka masa albashin da ya kai na 'yan wasa huɗu a haɗe, ya kuma ɗauke masa kuɗin haya. A lokacin ba wanda ya ce an yi yawa.

Kamar shekara guda kafin in shiga aji, Katanga ya zo rumfata da wani ambulan mai ruwan ƙasa. Ya ce, "Kawu, ajiye mini wannan a akwatinka. Takardar fili ce, ba na son maman yara ta gani, ka san in ta gani danginta sun gani." Na yi dariya na ce, "Ai ka zo inda ya dace, ni da rubutu sai kallo." Ya ce, "Shi ya sa na tsallake kowa na kawo maka." Na jefa shi ƙasan akwatin kayan aikina na manta.

Malamarmu ta aji tana da wata magana da take yawan yi mana: duk rubutun da ya gifta ta gabanku, ku kama shi, kar ku bari ya wuce. To ni na ɗauki maganar da gaske. Bayan Keke Napep, gwangwanin madara, allon shago, takardar da aka naɗe mini ƙosai, babu wanda nake ƙyalewa. Wanda ya girma da karatu ba zai gane wannan yunwar ba. Wata Juma'a da safe ina neman basilla a akwati, hannuna ya taɓo ambulan ɗin. Wallahi ba sirrin Katanga nake nema ba, rubutu kawai na gani na kama, ina son in ga ko zan iya gane kalmar fili. Gaban takardar Turanci ne da hatimin asibiti, ban fahimci komai ba. Da na juya bayanta sai ga layi huɗu da biro, da Hausa, manya-manyan baƙaƙe, da alama wani ma'aikacin asibitin ne ya rubuta masa don kar ya manta. Na ɗora yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Idon hagu ba zai dawo ba. A ɗiga magani safe da yamma. A zo asibiti duk wata uku, in ba haka ba na dama zai bi. A bar ƙwallo.

Jama'a, wannan ita ce takarda ta farko da na karanta daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ya kama mini ba. Wata nawa ina jiran wannan rana? Na ɗauka in ta zo zan yi sujada. Sai ga ni zaune da takalmin wani a cinya, ina ta maimaita layukan nan huɗu.

Daga ranar na daina kallon wasa kamar kowa. Na lura in za a bugo kwana daga hagu, Katanga yana karkata kansa kamar kaza mai kallon shaho. Na lura kusan duk ƙwallon da ta shige shi ta wannan ɓangaren take bi. 'Yan kallo suna cewa tsufa ne, wasu su ce ƙiba ce, wasu su ce kuɗi ne suka yi masa yawa. Ni kaɗai a bakin filin nan na san gaskiya, ina riƙe da jarkar ruwa ina ihun "Kama, Katanga!" tare da kowa.

Da kwantiraginsa ya zo ƙarewa, kwamiti ya zauna a zauren Alhaji. Koci ya fito fili ya ce Katanga ya ja baya, albashinsa kuma ya danne kulob, ga Bitrus golanmu na biyu, magidanci ne da iyali, shekara uku yana ɗumama benci alhali ya fi shi yanzu. Aka yi ta ja-in-ja. Can Alhaji ya ɗaga hannu ya juyo kaina ya ce, "Malam, kai ne ba ka da hayaniya, kuma a rumfarka yake wuni. Tsakaninka da Allah, yaron nan lafiyarsa lau?" Na dubi tabarma. Na tuna 'ya'yansa biyar da tsohuwarsa da ke ɗakinsa, na tuna ba shi da wata sana'a sai waɗannan hannaye. Na buɗe baki na ce, "Lafiyarsa lau, Alhaji. Sa'a ce ta juya masa baya, za ta dawo." Alhaji ya ce, "Shi ke nan. Maganar Malam ta ishe ni." Aka ƙara masa shekara biyu a kan albashinsa na da. Da aka zo sa hannun shaidu, sakatare ya turo mini tawada kamar kullum. A lokacin na iya rubuta sunana tsaf, har Malama tana yaba hannuna. Amma na miƙa babban yatsa na dangwala, don kar Katanga ya ji labarin Kawu ya iya karatu ya tuna ajiyarsa.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi haka. Yanzu da nake rubuta muku, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Akwai tausayi, amma abin da ya fi shi nauyi shi ne tsoron kar a ce mutumin da unguwa take kai wa ajiya ya buɗe amana. Sunana nake karewa, na fake da 'ya'yan Katanga. In ba haka ba, me ya hana in kira shi gefe in ce na gani, tashi mu je asibiti? Iyakar abin da na iya shi ne zagaye-zagaye. "Katanga, idon nan naka ya yi ja, ka je a duba maka mana." Ya ce, "Rashin barci ne, Kawu, jaririn nan ba ya barin kowa ya runtsa." Sai in ci gaba da ɗinki. Na san ya daina zuwa asibiti, don ma'aikatan can da yawa 'yan kallonmu ne, yana tsoron magana ta fita. Ina lissafa watanni uku-uku a raina suna wucewa, bakina a ɗinke.

Kakar da ta biyo baya ba na son tuna ta. Bitrus ya zo ya ajiye mini safar hannunsa ya ce, "Baba, ni ba fushi nake ba. Amma madam ta tambaye ni, wai aikin zama aka ɗauke ni?" Ya koma wani kulob a Jos, an ce yanzu shi ne na ɗaya a can. Mu kuma aka yi ta lallasa mu. Mutanen da suka taɓa ɗaga Katanga a kafaɗa suka sauya masa suna. Da ya fito fili sai ka ji, "Rariya! Rariya ta iso!" Wani ya ce, "Yau nawa aka ba ka?" Wani ya ce, "A sa turmi a raga mana, shi aƙalla ba ya karɓar albashi!" A wasan ƙarshe kunnen doki kawai muke nema mu tsira a rukuninmu. Saura minti kaɗan aka gangaro wata ƙwallo daga hagu, marar ƙarfi, irin wadda ko ni zan tare da ƙafa. Ta wuce ta gefensa yana kallon gaba. Sai da ya ji ihu ya waiga. Aka yi masa ruwan ledar fiya wata da duwatsu, muka fitar da shi ta bayan katangar makarantar da filin yake ciki. Tun ranar maganar gari ɗaya ce, Katanga ya sayar da wasa. Babban ɗansa ya daina zuwa Islamiyya saboda tsokana.

Ranar Talatar nan da hantsi ya zo rumfata. Zai zauna sai ya yi tuntuɓe da akwatina, kuma akwatin a damansa yake, ba a hagu ba. Ya ciro waya ya kai ta har kan hanci, ya nisanta ta, ya sake matso da ita. Sai ya yi 'yar dariya ya miƙo mini ya ce, "Kawu, da ka yi boko da yau ka yi mini rana. Masu wayar nan sun ƙanƙance rubutu." Na karɓa. Saƙon sakatare ne, na karanta shi sarai a zuciyata: kwamiti zai zauna ranar Asabar, ka zo da amsar zargin sayar da wasa. Na mayar masa da wayarsa na ce, "Ni da rubutu sai kallo." Ya ce bari ya kai wa mai shayi ya duba masa. Har ya miƙe ya juyo ya ce, "Takardar filin nan tawa tana nan ko?" Na ce tana nan. Ya ce, "Allah Ya bar mu da masu amana." Na amsa da amin. Da wane baki na amsa, ni ma ban sani ba.

Yanzu kan kwamiti ya rabu. Koci ya ce a kore shi a sanar wa duniya dalili, ya zama darasi. Sakatare ya ce a'a, akwai wani kulob a wata ƙaramar hukuma da har yanzu sunan Katanga yake burge su, a sayar musu da shi tun da sauran suna, a rage asara. Wato a sayar wa bayin Allah gola mai rabin ido, ya je can a jefe shi inda ba shi da kowa. Alhaji shi kuma ya ce shi mutum ne mai cika alkawari, in ba a tabbatar da cin amana ba zai zaunar da shi a benci ya biya shi sauran shekara guda, amma in ya gano an yaudare shi ko sisi ba zai ƙara ba. Kuma ya aiko mini cewa ranar Asabar ni zai fara tambaya.

In na fito da takardar, na wanke shi daga sayar da wasa, amma na tabbatar ya ɓoye wa kulob ciwo yana karɓar albashi, abincin gidansa ya yanke a ranar, ni kuma na zama wanda aka haɗa da Allah ya yi ƙarya. In na yi shiru, ko a kore shi da sunan maci amana, ko a sayar da shi, idon dama kuma ya ci gaba da tafiya. In na same shi shi kaɗai na faɗa masa, da wane ido zan dube shi, mutumin da ya tsallake matarsa ya amince da ni? Kuma ko ya yafe mini, wa zai dawo masa da watannin da na gani na yi shiru? Na daina zuwa aji. Malama ta aiko a tambayi ko lafiya, na ce a gaya mata aiki ne ya yi yawa.

Ga abin da shiruna ya ci zuwa yau. Kulob ya faɗo daga rukunin da muka yi shekara tara muna hawa. Bitrus ya tafi. Sunan Katanga ya koma Rariya. Zuwa asibiti sau bakwai ya wuce shi ina sane. Ido ɗaya ya riga ya tafi tun kafin in sani, wannan ba ni ba ne, amma na biyun a gabana yake tafiya. Yau Alhamis, takardar tana ƙasan akwatina, saura kwana biyu.

Don girman Allah, me zan yi?